Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Kwamishinan Lafiya Na Jihar Gombe: A Nuna Mana Ƙofar Da Za Mu Ƙwanƙwasa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, ni malamar firamare ce a nan cikin garin Gombe, shekarata goma sha bakwai ina riƙe da alli. Ban taɓa rubuta wa wani babba takarda ba in ban da ta neman hutun haihuwa, saboda haka idan harshe ya zarce a yi mini afuwa. Abin da ya sa na ɗauki biro wata tambaya ce da wata uwa ta yi mini ranar Alhamis ɗin da ta wuce, bayan an tashi yara. Ta tsaya a gindin darbejiya har sauran malamai suka watse, sannan ta matso, ta rage murya, ta ce, "Malama, an ce ke kin san inda ake kai masu shan ƙwaya." Na ce mata na sani. Na yago takarda daga bayan littafin rajista na zana mata hanya, na rubuta mata ranar da za ta je da abin da za ta faɗa wa mai ba da kati.

Da ta tafi sai abin ya tsaya mini a rai. Garin da ya zama babban birnin jiha tun 1996, mai asibitin koyarwa da jami'a da filin jirgin sama, a ce hanyar nema wa ɗa magani sai an bi ta raɗa? Kuma daga bakin malamar aji uku, wadda ita kanta sai da ta yi wata goma sha ɗaya tana lalube kafin ta gano?

Bari in faɗa maka yadda na san hanyar.

Autanmu ɗan dako ne a kasuwar Tudun Hatsi. Yaro ne mai jiki, mai kunya, wanda ko ido ba ya iya haɗawa da ni. Duk wanda ya san kasuwar nan lokacin kaka ya san yadda manyan motoci ke jeruwa suna jiran lodin masara da wake, kuma a kan kowane buhu ake biyan ɗan dako. Wanda ya fi sauri ya fi samu. A nan wani abokin aikinsa ya fara ba shi tiramol guda ɗaya, wai maganin gajiya. Ya jefa a shayin safe, ya yi aikin mutum biyu, ya dawo gida da kuɗin da bai taɓa kawowa ba. Inna har albarka ta sa masa. Daga baya na fahimci cewa wanda likita ke rubutawa mai lamba 50 ne ko 100, shi kuwa na bakin kasuwa mai lamba 200 ne ko 225, kuma guda ɗayan nan ba ta daɗe ba ta zama uku, ukun suka zama kati guda a yini.

Ba mu san komai ba sai wani dare muna cin tuwo a tsakar gida. Ya kai loma baki, sai kawai ya sandare ya kife, ƙafafu na shure-shure, kumfa na fita, kwanon miya ya yi nasa wuri. Inna ta ce aljanu ne. Aka kira malami, aka yi ruƙiyya, aka yi hayaƙi, aka kawo rubutu a jarka. Ba na raina wannan, addu'a takobin mumini ce kuma har gobe muna yi. Amma bayan kwana huɗu na ɗaga katifarsa zan shanya, na tarar da katunan ƙwaya da aka ɓare tas, na tsaya na ƙirga, goma sha ɗaya. Na zauna a kan tabarma da su a hannu har aka kira la'asar. Da ya shigo ya gan ni bai yi musu ba. Ya durƙusa ya ce, "Adda, wallahi na gwada bari sau uku. Jikina ne ba ya yarda."

An ce matambayi ba ya ɓata. To mu mun tambaya, kuma mun ɓata.

Mai kemis na unguwa ya ce a saya masa maganin barci. A wani asibiti aka sa masa ƙarin ruwa leda biyu, aka ce ya ji tsoron Allah ya daina, aka sallame mu. Na tambayi wanda ke zaune a teburin kati ko akwai inda za mu je daga nan, ya ɗago ya dube ni ya dubi yaron, ya ce, "Ai ba nan ake kawo irinsu ba." Na ce to ina ake kai su? Ya riga ya kira na bayana. Wani dattijo ya ba da shawarar a kai shi wajen 'yan sanda ya kwana biyu a bayan kanta, a ja masa kunne. Na samu lambar wata cibiya mai zaman kanta a wani babban birni can nesa, suka amsa mini da fara'a, amma kuɗin wata uku da suka faɗa ya haura albashina na shekara, ban da mota, ban da abinci. Aka ce mana akwai Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya a Maiduguri, kuma gaskiya ne, can ne mutanen Arewa maso Gabas ke dosa. Sai dai tafiya ce ta yini guda ta Potiskum da Damaturu, da saurayin da ke kakkarwa yana haɗa gumi, kuma bayan an sallame shi wa zai riƙa mayar da shi ganin likita kowane wata?

A nan Baffa ya yanke hukunci, kuma ni ma ban hana ba, wannan laifin ina ɗauke da shi. Aka kai shi gidan mari a wata jiha.

Na san abin da ya faru a 2019. Na ji a rediyo lokacin da 'yan sanda suka fasa wani gida a Rigasa ta Kaduna cikin watan Satumba suka fito da mutum fiye da 300, da yawa da sarƙa a ƙafa, sannan a watan Oktoba aka fasa wasu a Daura da Katsina. Na sha cewa wace irin uwa ce za ta kai ɗanta irin wannan wuri. Yanzu na san ko wace iri ce. Ita ce wadda ta ƙwanƙwasa ƙofa biyar ba a buɗe ba, ta shida kuwa mai gidan ya fito da kansa ya tarbe ta, ya ba ta tabarma da ruwan sha, ya ce ta kwantar da hankalinta. Masu gidajen mari sun iya abu ɗaya da asibiti bai iya ba: ana samunsu. Kowane direban tasha ya san hanyarsu.

Bayan wata biyu na je ganinsa. Aka fito da shi an aske masa kai ƙwal, yana jan ƙafa saboda marin da ya haɗa idon sawunsa biyu. Ƙarfen ya ci fata har ya yi gyambo, ƙudaje na bi. Mai gidan yana zaune kusa da mu, don haka duk abin da na tambaya sai ya ce lafiya lau. Na buɗe kwanon dambun naman da Inna ta aiko, ya cusa hannu biyu yana ci kamar za a ƙwace. Da zan tashi ya kama bakin mayafina bai ce komai ba. A ranar na sayar da 'yan kunnena na biya abin da suka ce saura, na taho da shi. Kwana tara da dawowarsa ya koma ƙwaya, kuma a wannan karon har da ɗan ƙaramin maganin barcin nan da suke kira D5, domin tun da ya dawo ba ya iya runtsawa.

Ka san inda na samu hanya a ƙarshe? A gidan suna. Ina zaune kusa da wata ma'aikaciyar jinya da muka yi sakandare tare, hira ta kawo hira, na kasa riƙe hawaye. Ta riƙe baki ta ce, "Ke kuwa, ai a nan cikin gari akwai sashen likitocin ƙwaƙwalwa, su ne masu wannan aikin." Tafiyar da ba ta fi kuɗin keke napep ɗaya daga gidanmu ba. Wata goma sha ɗaya, da kuɗi, da 'yan kunne, da tabon da zai mutu da shi a ƙafa, alhali wurin yana nan a bayan kunnenmu.

Ko a nan ɗin ma sai da aka kai ruwa rana da Inna. Ita dai abin da ta sani shi ne "asibitin mahaukata", kuma ɗanta ba mahaukaci ba ne. Ta ce idan maganar ta fita wa zai ba shi mata, wa zai zo neman ƙannen matan da ke gidan Baffa? Kada ka ga laifinta, ranka ya daɗe. Dokar da ƙasar nan ta yi ta aiki da ita kan masu lalurar ƙwaƙwalwa tun 1958 ita kanta da sunan hauka aka san ta, sai a watan Janairun 2023 shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya sa hannu a sabuwa wadda ta tanadi a kula da majinyaci cikin mutunci. Idan doka ta ɗauki shekara sittin da biyar kafin ta sauya harshe, tsohuwar da ba ta yi boko ba fa?

Abin da likitan ya bayyana mana a zama na farko, cikin Hausa kuma ba tare da faɗa ba, shi ne abin da na so a ce an gaya mana tun daren da kwanon miya ya kife. Cewa faɗuwar nan mai kama da farfaɗiya tiramol ne ke kawo ta idan ya yi yawa. Cewa gumi da gudawa da ciwon gaɓoɓi da hamma da rashin barcin da ke kama shi idan ya bari ba rashin imani ba ne, jiki ne da ya saba yake neman abinsa, kuma akwai magungunan da ke sassauta su har kwanakin su wuce. Cewa shi maganin barcin nan yanke shi farat ɗaya haɗari ne, yana iya kayar da mutum, sai an bi shi ana ragewa sannu a hankali. Ka ga ke nan ɗaure mutum a turke a hana shi komai ba horo ba ne kawai, wasa da rai ne. Ya kuma gargaɗe mu cewa yana iya komawa, kuma idan ya koma kada mu ce an yi asara, mu dawo da shi kamar yadda mai hawan jini ke komawa idan jininsa ya sake hawa. Ya koma ɗin kuwa, sau ɗaya, bayan wata biyu. Muka mayar da shi.

Da matsalar gidanmu ce kaɗai da ban dame ka ba. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ƙwayoyi da laifuka, wanda aka fitar a farkon 2019, ya ce mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya a cikin shekara guda a Najeriya. Miliyan 4.6 daga ciki masu shan irin su tiramol da kodin ne, kuma kusan miliyan 3 abin ya riga ya zame musu ciwo. A jihohin Arewa maso Gabas shida Gombe ce ta fi kowa, da fiye da mutum ɗaya cikin biyar. Na san ka fi ni sanin waɗannan alƙaluma. Ni ta wata fuskar nake ganinsu: yara saba'in ne a ajina, kuma na san gidajen da suka fito.

Duk ranar 26 ga Yuni, ranar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta duniya, ana yin tattaki da riguna da huluna, ana cewa rigakafi ya fi magani. Haka ne. Gwamnatin Tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin tun watan Mayun 2018, hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi na kama dillalai, malamai na wa'azi a kan mumbari, iyaye na tsine wa 'yan daban Kalare da masu ɗaure musu gindi. Duka wannan magana ce a kan wanda bai fara ba, ko kuma a kan wanda za a hukunta. Shi wanda ya riga ya faɗa rijiyar, yana ɗaga hannu, kusan ba a yi masa magana ko kaɗan.

Abin takaicin shi ne ba wai babu komai a ƙasa ba. Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Gombe yana da sashen likitocin ƙwaƙwalwa, haka na Abubakar Tafawa Balewa da ke Bauchi. NDLEA ba kamu kaɗai take yi ba, tana da ɓangaren ba da shawara, kuma tun 2022 ta buɗe layin kira na kyauta dare da rana, 0800 1020 3040. Gombe na cikin jihohi uku, tare da Abiya da Oyo, da aka fara gwajin shirin ba masu yi wa kansu allurar ƙwaya sirinji mai tsafta don kare su daga cuta mai karya garkuwar jiki da ciwon hanta, wato akwai ma'aikata a garin nan da suka san lungunan da waɗannan yara ke zama, kuma yaran sun yarda da su. Gwamnatin jiha ta gyara ƙaramin asibiti a kowace mazaɓa cikin 114 da muke da su. Amma ka tsayar da mata goma a Bolari ko Jekadafari ko Herwagana ka tambaye su ina za su kai ɗa mai shan ƙwaya. Ka ambaci NDLEA ka ga yadda fuska za ta sauya, domin ba uwar da za ta ɗauki ɗanta da hannunta ta kai wa wanda ta san da kamu, sai in an zaunar da ita an tabbatar mata cewa wanda ya kawo kansa neman magani ba mai laifi ba ne.

Saboda haka roƙona ba na sabon gini ba ne, kodayake in an yi muna so. Takarda ɗaya nake roƙo. Shafi guda, da tambarin ma'aikatarka, da Hausar boko da ajami, wadda za ta ce: idan ɗanka ko 'yarka ko mijinki na shan ƙwaya kuma yana son bari, ga wurin zuwa, ga ranar da likita ke zama, ga kuɗin kati, ga abin da za a yi masa, kuma ba za a kira 'yan sanda ba. A karanta ta a gidajen rediyo da Hausa da Fulatanci da Tangale da Tera da Waja, domin na Kaltungo da Dukku da Bajoga da Deba duk nan suke kwararowa idan abu ya gagara. A kuma samu mutum ɗaya a kowane ƙaramin asibitin mazaɓa da aka koya wa yadda zai saurari irin wannan magana ba tare da ya yamutsa fuska ba, ya rubuta takardar turawa, ya ce je ka wuri kaza ranar kaza. Ungozoma da masu allurar rigakafi sun shiga kowane gida a jihar nan. In an iya kai ɗigon foliyo har ruga, an iya kai wannan labarin.

Sai maganar kuɗi. Magungunan da ake rubuta wa irin ƙanena ba na kwana bakwai ba ne, na watanni ne, ga gwaje-gwaje, ga kuɗin zuwa da dawowa. Na ga waɗanda muka fara layi tare sun ɓace bayan zuwa na biyu, ba don sun warke ba. Ina roƙon a zauna da hukumar GoHealth, mai kula da inshorar lafiya ta jiha, a fayyace wa jama'a a fili matsayin wannan jinya a cikin tsarinta, a kuma duba yadda ɗan dako da ɗan acaɓa da ba su da albashi za su shiga.

Akwai kuma waɗanda ban gani a layin ba ko sau ɗaya, kuma rashin ganin nasu ya fi damuna. Binciken nan ya ce cikin kowane mutum huɗu masu shan ƙwaya ɗaya mace ce. Mu mata mun san su. Amaryar da aka yi wa kishiya ta fara da kwalbar maganin tari don ta samu barci. Wadda aka yi wa allurar kashe zafi bayan tiyata har ta koyi yi wa kanta a cinya. Namiji idan ya sha ana cewa ya lalace, mace idan ta sha ana cewa ta gama yawo, kuma takardar saki ce ke biyo baya. Irin wannan ba za ta zauna a benci ɗaya da samarin unguwarsu ba ko da za ta mutu. A ware musu rana, ko ɗaki a ɓangaren awon ciki inda shigar mace ba ta jawo ido, da ma'aikaciya mace. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Gidajen mari kuwa, rufe su kaɗai ba zai yi ba. An rufe a 2019, wasu sun sauya suna sun sauya gari. Muddin asibiti bai fi su sauƙin samu ba, iyaye za su ci gaba da kai 'ya'yansu da kuɗinsu suna godiya. Waɗanda ke son yin aikin da gaskiya a yi musu rajista, a riƙa leƙa su ba tare da sanarwa ba, a haɗa su da likita, a cire ƙarfe daga ƙafar mutane.

Autanmu yau watansa bakwai bai sha ba. Likita ya ce kada ya koma dako, domin duk wanda ya ba shi ta farko yana nan a wurin, don haka yana koyon gyaran waya a shagon wani maƙwabcinmu da ya yarda ya karɓe shi bayan mutum uku sun ƙi. Ba ya samun rabin abin da yake samu a da, kuma wasu ranakun yana tashi da ƙunci har ba ya son magana. Katin asibitinsa yana cikin aljihun gaban rigarsa kullum, ya naɗe shi a leda saboda gumi. Yana sa safa ko da zafin Afrilu ne, don kada a ga tabon.

Matar ranar Alhamis ita ce ta huɗu da na zana wa hanya a wannan zangon karatu, kuma shafukan bayan rajistata sun kusa ƙarewa. Idan an buga takardar da na roƙa, ranka ya daɗe, a aiko mini da guda hamsin. Na riga na san inda zan manna su: ƙofar makarantarmu, injin niƙa, wajen mai shayin Tudun Hatsi, Tashar Dukku, da bangon kemis ɗin da ya ce a saya masa maganin barci.

Wassalam.

Taka mai biyayya,
Wata malamar firamare,
Unguwar Pantami, Gombe.